Bidiyo kaɗai ya isa a fara gyaran waya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kallon bidiyo ya isa ka fara karɓar gyaran waya. Gaskiya bai isa ba, sai ka sa hannu. Nemi matattun wayoyi ka yi ta kwancewa kana mayarwa kafin ka taɓa ta mutane.

Ni na haddace cewa dalmar da ake liƙa sassan wayoyin zamani da ita tana narkewa wajen digiri 217, amma ranar farko hannuna na rawa, na bar zafin ya daɗe har siririn layin jan ƙarfe ya ɗago daga allon cikin wayar da sassan ke liƙe a kai. Sai dai kar ka watsar da karatun. Shi ya hana ni zungurar batir da ƙarfe, don in ya huje, wuta yake kamawa.