Ƙanena Ya Ƙone, Me Ya Sa Yake Ta Ramewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena mai sayar da man fetur ɗin da ake kira zuwa-zuwa ne a bakin titi, jarka ta kama da wuta, ya ƙone a ƙirji da hannuwa biyu. Yana kwance a asibiti mako na uku ke nan, yana cin abinci amma sai ramewa yake yi, ga zazzaɓi, kuma an ce sukarinsa ya hau alhali ba shi da ciwon suga. Me ya haɗa ƙunar fata da duk wannan?
Daga wata mai karatu a Marwa, ƙasar Kamaru

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Idan ƙuna ta ci kashi 20 cikin 100 na fatar babban mutum, kuma wuraren da kika ambata za su iya zarce haka, to ta tashi daga ciwon fata ta zama ciwon jiki gaba ɗaya.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadaran tashin hankali, wato adirenalin da kotizol. A ka'ida suna hauhawa ne na ɗan lokaci idan mutum ya firgita, sannan su sauka, amma bayan mummunar ƙuna sukan daɗe a sama har tsawon watanni, wani lokaci fiye da shekara. Su ne suke sa zuciya bugawa da sauri, suke narkar da tsoka domin jiki ya samu makamashi, kuma suke ɗaga sukarin jini. Ramar da kike gani daga nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani. Kotizol mai yawa yana sa wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait su kashe kansu ta wani tsari da jiki ya tanada tun asali domin kawar da ƙwayoyin da suka gama aiki, sai dai a nan yana cinye lafiyayyu masu ɗimbin yawa a cikin jini da saifa. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa idan aka toshe aikin irin wannan sinadari, mutuwar ƙwayoyin tana raguwa. Ga katanga, wato fata, ta rushe, ga masu gadi, wato limfosait, sun ƙaranta, shi ya sa ƙwayoyin cuta masu shiga jini suke kan gaba wajen kashe masu ƙuna bayan kwanakin farko.

Saboda haka ina roƙonki kada wani ya kawo masa ƙwayoyin sa ƙiba irin na 'yan talla, domin da yawansu deksametazon ne, ɗan'uwan kotizol, wanda zai ƙara karya garkuwar jikinsa. Ku yawaita masa ƙwai, madara, wake da kifi, ku rage masu zuwa dubiya, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shi. Idan kuka ga ya fara ruɗewa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko fitsarinsa ya ragu, ko gyambon ya sauya launi da wari, ku sanar da ma'aikatan jinya nan take, ko da tsakar dare ne.