Ina da juna biyu kuma a laburaren kwaleji nake aiki: me zan bari, yaushe zan nemi hutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata kwalejin ilimi a Jigawa, sashen bayar da aron littattafai ne a hannuna. Cikina na fari ne, yanzu mako 14, an ce tsakiyar watan Mayu zan haihu in Allah ya yarda. Daga ƙauyenmu zuwa kwaleji tafiyar rabin awa ce a babur. A Fabrairu masu tantance kwasa-kwasai za su zo, har an fara maganar sauke littattafai, a yi wa kantoci feshi, a sake jeri. Ban faɗa wa kowa a ofis ba, kunya nake ji. Wane aiki ya kamata in bari, yaushe zan nemi hutun haihuwa, kuma ƙarin girmana zai tsaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raba lafiya.

Kunyar cikin fari ba abin zargi ba ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wannan makon ki sanar da shugaban laburare, kuma a rubuce. Layi uku sun isa: kina da juna biyu, ga watan da ake sa ran haihuwa, kina neman a ɗauke miki ɗaukar kaya da shiga wurin feshi. Idan namiji ne kuma bakinki ba zai iya ba, ki ba wata babbar ma'aikaciya takardar ta miƙa. Dalilin gaggawar shi ne jadawalin aikin Fabrairu yanzu ake zana shi. Idan aka riga aka sa sunanki a kan sauke kantocin sashen aro, cire shi daga baya zai zo da ƙorafi, a ce kin zame ana tsakiyar aiki.

Zaman teburin aro, buga hatimi, shigar da bayanai a kwamfuta, koya wa sababbin ɗalibai neman littafi, duk waɗannan ba sa cutar da ciki. Haɗarin yana cikin aikin shirin tantancewa, kuma mafi girmansa shi ne feshi. Maganin gara da kyankyaso da ake fesa wa kantoci sau da yawa daga kasuwa ake sayo shi a galan marar takarda, a gauraya da kananzir, a rufe tagogi don ya kama. Ranar feshi kada ki zo. Bayan an buɗe ƙofofi da tagogi, ki bari iska ta ratsa ɗakin aƙalla kwana biyu, kuma muddin kina jin warin, wurin bai yi ba. Ki lura da wani abu da ake mantawa: takarda tana riƙe wari, don haka kwalin da aka fesa aka rufe, ranar da aka buɗe shi kamar sabon feshi ne. Wani ya buɗe, a waje.

Sai ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu da kundayen binciken ɗalibai. Inda aka tara takarda aka rufe, ɓera ya samu gida, kuma ta fitsari da kashin ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda ya fi yaɗuwa a rani, daidai watannin da kike ciki. Ga mai ciki, musamman a wata ukun ƙarshe, cutar tana da tsanani ƙwarai, mafi yawan lokuta cikin ba ya tsira. Wannan ɗaki ki bar shi gaba ɗaya. Masu share shi ma su yayyafa ruwan bilic tukuna su goge, kada su share a bushe ƙura ta tashi. Ƙurar hunturu ta kan kantoci kuwa takunkumi da tsumma mai laima sun wadatar.

Game da nauyi, masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ba da ma'auni mai amfani. Kafin mako 20, ɗauka jefi-jefi kada ta wuce kilo 16. Daga mako 20 zuwa sama, kilo 12. Idan kuwa ɗauka ce ta maimaici fiye da awa guda, kamar jeren littattafai, iyakar ta sauko kilo 8, sannan kilo 6 bayan mako 20. Wannan duka idan kayan suna daidai ƙugu, kusa da jiki. Ɗagowa daga ƙasa da miƙawa sama da kai ba sa cikin wannan ma'auni, a guje musu. Kwali ɗaya cike da littattafai masu bangon kwali yana iya zarce waɗannan iyakoki, saboda haka a aikace ƙa'idarki ita ce: littafi uku ko huɗu a hannu, kantoci na tsakiya kawai, babu hawa tsani ko kujera. Ciki yana sassauta jijiyoyin gaɓɓai kuma yana karkatar da nauyin jiki gaba, shi ya sa matakin da kike hawa ido rufe a da yanzu zai iya kayar da ke. Ki ɗauki aikin da ake yi a zaune, wanda ma shi masu tantancewa suka fi dubawa: daidaita rajistar shigar littattafai, fitar da jerin littattafan kowane sashe, ƙididdigar masu aro, liƙa lambar kira a gadon bayan littafi. Duk awa ki tashi ki taka na minti biyar, ki ajiye gorar ruwa a ƙarƙashin tebur. Idan janareto yana jikin tagarki, a matsar da shi ko a matsar da ke.

Yanzu batun hutu. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun ba mai ciki hutun da bai gaza mako 16 ba da cikakken albashi, ana fara shi aƙalla mako huɗu kafin ranar da aka ƙiyasta, kuma dole a gabatar da takardar likita mai nuna ranar wata biyu kafin ta. Kwalejin jiha tana bin nata littafin sharuɗɗan aiki, don haka ki je ofishin rajistara ki karanta sashen da idonki, kada ki dogara da "haka ake yi". Da lissafin tarayya, takardar likitanki ta shiga kafin tsakiyar Maris, hutu ya fara tsakiyar Afrilu, kina mako 36. Ki rubuta ta hannun shugaban laburare, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ga tarkon da mata da yawa suke faɗawa: a waɗancan dokoki, hutun shekara na shekarar haihuwa ana lissafa shi cikin hutun haihuwa, kuma idan kin riga kin cinye shi, kwanakin da suka yi daidai da shi za su zama babu albashi. Kada ki ɗauki hutun shekara a Janairu don guje wa feshi sai kin tabbatar da abin da littafinku ya ce. Wasu kuma sukan so su yi aiki har naƙuda don su tara makonnin bayan haihuwa. Ga mai hawa babur a zafin Afrilu, da ma'auni ke haura 40, wannan ba dabara ba ce.

Takardar miƙa aiki ki fara ta tun Maris. Ta ƙunshi sunayen waɗanda littafi ke hannunsu ya wuce wa'adi (malamai ne suka fi riƙewa, kowa ya sani), kuɗin tara da rasitansu, makullai, hatimin wanke ɗalibai masu kammalawa, da duk littafin da aka kai ɗinki. Idan kuna aiki da Koha, manhajar kwamfuta ta sarrafa laburare, a buɗe wa mai riƙe miki wuri nasa asusun. Kada ki ba da kalmar sirrinki, domin littafin da ya ɓace da sunanki aka fitar da shi, ke za a tambaya. Ku sa hannu ku biyu, shugaba ya sa na uku.

Hutun haihuwa hutu ne da doka ta amince da shi, ba ya katse shekarun aiki. Abin da ke tsayar da ƙarin girman ma'aikatan laburare masu matsayin malamai shi ne ƙarancin maƙalu da fom ɗin tantance aikin shekara da ba a cike ba. Idan kina da maƙala rabi da rabi, ki gama ta ki tura tsakanin yanzu da mako 28, lokacin da laulayi ya lafa kuma nauyi bai zo ba. Idan za a raba fom kina gida, ki bar wanda zai kawo miki. Ki duba kuma rajistarki da LRCN, hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta Najeriya, ba ta da bashi.

Awo kada aiki ya ci shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa sau takwas: na farko kafin mako 12, sai 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ki ba shugabanki ranakun tun yanzu. Daga mako 13 ake fara Fansida na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, aƙalla sau uku, don haka lokacinki ya yi. Allurar tetanus biyu ce, tsakaninsu mako huɗu. Ƙwayar ƙarin jini kada ki kora ta da shayin ofis, shayi yana hana jiki tsotse ta. Ki ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. Duk zuwa ki tambayi lambar awon hawan jininki ki rubuta. Idan ta kai 140 bisa 90, ko kika ji ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannaye suka kumbura, ko jini ya zubo, ko motsin yaro ya ragu, asibiti kai tsaye, ba ofis ba. Jijjiga ta fi kama masu cikin fari.

Babur ɗin ne ya fi damun mu a tambayarki. Girgizar hanya ba ita ce matsalar ba, faɗuwa ce, ga zaman gefe guda da mayafi yana lilo kusa da taya. Daga wata na shida ki nemi abokin aiki mai mota ku riƙa haɗa kuɗin mai, ko ki koma wurin 'yan'uwa cikin gari a ranakun aiki. Ku zauna da maigida ku tsayar da asibitin haihuwa wanda ke yin tiyata da ƙarin jini, irin babban asibitin Jahun ko asibitin tarayya na Birnin Kudu ko babban asibitin da ya fi kusa da ku, da lambar direba biyu, da mutum biyu da aka gwada jininsu don ba ki jini idan an buƙata. Idan goyon ciki za ki tafi gida, lissafin nisan asibiti daga gidan iyayenki za a yi, kuma katin awo ya bi ki.

Bayan haihuwa, ki yi wa iyaye magana da ladabi a kan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Haki, tari idan an kwanta da kumburin ƙafa bayan haihuwa ba gajiya ba ce.

Idan mako 16 ne hutunki, a Agusta za ki koma, yaro yana wata uku, damina ta sauka, hanyoyin ƙauye sun lalace. Dokokin tarayya sun ba mai shayarwa awa biyu kullum har tsawon wata shida daga ranar komawa. Ki nemi a haɗa miki su a ƙarshen yini, a kuma cire ki daga aikin yamma da na Asabar. Nono zalla ake so har wata shida, ko ruwa babu. Tatsattsen nono yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi, kwana huɗu a firjin da wuta ba ta ɗaukewa, yini guda a kula da ƙanƙara. Da zafinmu da halin wutarmu, mafi sauƙi shi ne ki zo da mai reno, a nema muku wani ɗaki kusa da ofis, nesa da kantocin da aka fesa. Wannan ma ki sa shi cikin takardar neman hutun, don a amince tun kafin ki tafi.