Ku Tambayi Anti: Ni da maigida muna koyon rawar kaboyi, amma taka juna kawai muke yi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Ƙanin maigidana ne zai yi aure a jihar Teksas ta Amurka, amaryar 'yar can ce, kuma an ce mana a wajen liyafa akwai wata rawa ta mutum biyu da ake ce ma tu-sitef wadda danginta basa wasa da ita, kowane miji da matarshi zai fito. Mun fara koyo a YouTube a falo in yara sun yi barci amma wallahi abin ya ƙi, ni ina bin kiɗa shi yana ƙirge sai mu ga ƙirgen bai zo daidai da waƙar ba, ga taka ƙafa, har jiya yace shi ya haƙura. Kuma ni fa na iya rawa Anti, a biki ba a zaunar da ni. Ina matsalar take?

Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Iya rawar taki ɗin nan ita ce matsalar ta farko, kar ki ji haushina. Mu nan Legas da an saki kiɗa kafaɗa ce ke fara motsi, sai ƙugu, sai gwiwa ta dinga lotsawa, to tu-sitef bata son ko ɗaya a ciki, tafiya ce kawai ake yi a kan kiɗa, kai baya sama da ƙasa, ƙafa na ɗan goge ƙasa tana wuce 'yar uwarta kamar yadda kike tafiyarki ta kullum.

Maganar ƙirge kuwa maigidanki bai yi kuskure ba, haka abin yake. Waƙoƙin kantiri, wato kiɗan kaboyin Amurka, da ake wannan rawa da su bugu huɗu-huɗu suke tafiya, ita kuma rawar bugu 6 take ci kafin ta dawo farko. Taku huɗu ne: sauri, sauri, sannu, sannu. Kowane sauri bugu ɗaya, kowane sannu bugu biyu, kinga shida kenan. Shi yasa in kun fara tare da farkon layin waƙa, zagaye na biyu sai ku ji kun faɗo a tsakiya, sai bayan bugu 12 ne kuke sake haɗuwa da ita, ke kuma kunnenki ya saba da jiran inda kiɗa ya faɗi sai ki tsaya jira ko ki ƙara taku, daga nan komai ya watse. Ki daina sauraron mawaƙin, gangar kawai zaki bi, kuma ku dinga faɗin sauri sauri sannu sannu da baki ku biyun har sai ƙafa ta haddace. Yawancin masu koyo sannu na biyun suke gutsurewa, ku kula da shi.

Shi zai fara da ƙafar hagu yana yin gaba, ke da ta dama kina yin baya. In yana taka ki to ɗayan biyu ne, ko kina jin tsoron miƙa ƙafarki baya sosai, ko kun tsaya saitin juna sak. Ki ɗan goce ta ɓangaren damanshi yadda ƙafarshi ta dama zata dinga shiga tsakanin naki. Hannunshi na dama a kan allon kafaɗarki ta hagu, ba a ƙugu ba, naki na hagu a kan damtsenshi, ɗayan hannun kuma ku riƙe juna daidai tsayin kafaɗa, da ɗan ƙarfi kaɗan a hannu don ta nan ne zaki ji inda ya nufa tun kafin ya taka. Kar ku kalli ƙasa. Sannan ƙanwata ki bar shi ya ja, na san mu, muna ganin miji ya rikice sai mu karɓe sitiyari, to a nan in mutum biyu suka ja sai karo.

A can filin kowa zagayawa yake ta hannu ɗaya irin yadda motoci ke bin shataletale a nan, hagun namiji na kallon tsakiya. Masu gudu suna layin waje, ku sababbi ku bi na ciki, kuma ba a tsayawa cak a kan hanya. A gida ku naɗe kafet, ku matsar da tebur ku dinga zagaye falon, banda silifas, banda safa a kan tayil kar a kwana a asibiti. Takalmi mai ƙasan fata ya fi, roba tana kama ƙasa. Juyi kuma ku bar shi tukuna, in takun ya zauna sai ku ƙara guda ɗaya, a kan sauri saurin nan ake yinshi. Ku fara da waƙa mai sanyi, irin na Don Williams ɗin nan da iyayenmu ke sawa a mota sun isa.

Tambaya: Anti, tu-sitef ɗin nan ita ce wadda ake jeruwa layi-layi kowa da malafa? Kuma dole sai na sayi but, dogon takalmin nan na kaboyi?

Wani ɗalibi daga Obalende

A'a ɗana, waccan rawar layi ce, kowa shi kaɗai yake yi ba a riƙe kowa, yawanci ma tsakiyar fili ake bar musu masu tu-sitef na zagaye su. Ita tu-sitef 'yar uwar wata rawar Turawa ta mutum biyu ce da ake ce ma fokstirot, ta daɗe a ɗakunan rawa na Teksas irin Gruene Hall da aka gina tun 1878, sai fim ɗin Urban Cowboy na John Travolta a 1980 ya ƙara yaɗa ta har biranen da basu san saniya ba. Malafa ado ce kawai. But kuma amfaninshi ƙasan fatar ne, don haka sau-cikin da kake zuwa ɗaurin aure da shi ya wadatar, ka ajiye kuɗinka.