Likita, Kumburin Hammatar Ɗana Yana Bugawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan wata biyar ne. Wani kumburi ya fito masa a hammata, in na ɗora yatsa sai in ji yana bugawa. Kakarsa ta ce maruru ne, a kira wanzami ya yi sakiya. A asibiti kuma an ce jijiyar jini ce ta kumbura, wai sai an yi tiyata. Jariri zai iya ɗaukar tiyata kuwa?
Wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Don girman Allah kada aska ta taɓa wurin nan. Maruru ba ya bugawa. Abin da kike ji a yatsarki jini ne da zuciya ke turowa, ya sami inda bangon jijiya ya yi rauni ya bulluƙo, kamar tayar keke in ta yi ƙari. Aka tsaga shi, jinin da zai zuba ba mai iya tsayar da shi a gida. Ki lallaba Hajiya da wannan bayanin, ƙauna ce ta sa ta faɗa.

Ba kasafai ake ganin wannan a jarirai ba. Wani da shi aka haife shi, wani ƙwayoyin cuta ne suka ci bangon jijiyar. Akwai kuma cutar Kawasaki, wadda likitan Japan Tomisaku Kawasaki ya bayyana a 1967: zazzaɓin kwana 5 ko fiye, jan ido, tsagewar leɓe, kumburin hannu da ƙafa. Mu nan sau da yawa kyanda ake zata. In yaronki ya taɓa yin haka, ki faɗa wa likitocinsa, domin takan kumbura jijiyoyin zuciya ma, dole a ɗauki hoton zuciyar.

Za a fara da sikanin da ke nuna gudun jini, wataƙila a ƙara da hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla. In tiyata ta kama, akan yanke wurin da ya lalace a haɗa bakunan biyu, ko a ɗauko jijiya daga jikin yaron a yi gada. An fi son tasa a kan ta roba, saboda roba ba ta girma tare da shi. Jarirai suna ɗaukar tiyata, amma a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko Asibitin Ƙasa na Abuja.

Kafin ranar, kada a matsa wurin, kada a gasa. In hannun ya yi sanyi, yatsu suka sauya launi, ko kumburin ya ƙaru farat ɗaya, ku tafi asibiti ko tsakar dare ne.