Amsa ga mai neman shawara kan buɗe ofis a cikin gida

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka inda ka ce ka samu aikin da za ka riƙa yi daga gida ta intanet, kana zaune a Sabuwar Unguwa cikin garin Katsina da iyali, ɗaki biyu da falo da wani ɗan ɗaki a soro, kana so ka san ko teburi da kujerar ofis za ka fara saya ko babbar kwamfuta. Allah ya sa ka fara a sa'a. Shekarata ta huɗu ke nan ina yi wa wasu 'yan kasuwa lissafin kuɗi daga gida, nan wajen Ƙofar Ƙaura, bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin ka sayi komai, nemi wurin da yake da ƙofar da za ka iya rufewa. Ni a falo na fara, wata uku ina fama. A wurin mutanenmu, duk namijin da aka gani a gida da hantsi to ba shi da abin yi. Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, tunda kana nan, riƙe mini yarinyar nan in sauke tukunya.” Hajiya ta aiko yaro wai in kai ta dubiya tunda ba na fita. Aboki ya ga mashin a ƙofar gida ya yi sallama, kuma ka san ba a korar baƙo, sai an kawo ruwa an taɓa hira. Ba laifinsu ba ne, ni ne ban nuna musu cewa aiki nake yi ba. Da na koma ɗakin soro, sai na zaunar da mutanen gida na ce daga ƙarfe bakwai zuwa azahar a ɗauka na tafi kasuwa, in ba rashin lafiya ba kada a ƙwanƙwasa. Hajiya kuwa takanas na je har gida na yi mata bayani, na ware mata yammacin Asabar don duk wata unguwa da take son zuwa. Har wanka nake yi in sa kaftani da hula kafin in shiga, abin dariya, amma tun daga nan yara suka daina biyo ni.

Sai dai ka duba ɗakin soron naka ta ina rana take dukansa. Idan bangonsa yana kallon yamma, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, daga la'asar zai koma tanda, har bayan isha'i bangon yana huci. In kuma kwano ne ba silin, sa silin ɗin ya fi maka sayen kujera mai juyawa amfani nesa ba kusa ba. Teburin kuma ka ajiye shi yadda taga za ta kasance a gefenka. In tana bayanka haske zai riƙa kashe maka fuskar kwamfuta, kuma a taron bidiyo inuwarka kawai za a gani.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ke cin kuɗin. Da janareta nake aiki har zuwa ƙarshen Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, na ga abin da nake samu a tankin yake ƙarewa, ga ƙara da ke hana jin magana a waya. Na koma sola. Kada ka bari mai haɗawa ya tsorata ka da lissafin gida gaba ɗaya, ofishin kaɗai za ka lissafa. Laftof tana cin wajen wat 45 zuwa 65, na'urar intanet kamar 10, ƙwan fitila 9, fanka mai aiki da batir wajen 20. Ka ce wat 100 ke nan, a awa takwas ya zama wat-awa 800, wato wat 100 sau awa takwas. Batir mai volt 12 da amp-awa 100 (100Ah) yana ɗaukar wajen wat-awa 1,200. In litiyom ne za ka iya shan mafi yawansa, in kuma irin mai ruwa ne rabinsa kawai ya kamata ka taɓa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Nan na yi kuskure, na bi araha na sayi batir na hannu a wurin wani mai shago, ko wata shida bai yi ba ya daina riƙe caji. Araha ba ta ado. Farantan sola biyu masu wat 300 sun ishe ka, a kafa su suna kallon kudu da ɗan karkata kaɗan. Da hunturu kuwa ka riƙa hawa kana goge su duk 'yan kwanaki, don ƙurar Disamba da Janairu tana rufe su har ka zaci batirin ne ya lalace. Kuma kada ka yarda a jona dutsen guga ko firij a layin nan, ka faɗa tun ranar farko.

Intanet ba sai na daɗe a kansa ba. Kowace unguwa da layin da ya fi ƙarfi a cikinta, wani lokaci ma ɗaki da ɗaki ya bambanta. Ari layin MTN, Airtel da Glo a wurin maƙwabta, ka gwada su a cikin ɗakin da safe da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya hau. Ka riƙe biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana. Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya tun 2023, amma ga mai farawa kuɗinsa ya yi yawa, sai dai in za ku haɗa hannu da maƙwabci.

Kujera da teburi su ne na ƙarshe, amma kada ka raina su. Na yi wata biyu a kan darduma, laftof a kan filo bisa cinyata. Filon ya toshe mata ramin shan iska tana ta zafi tana kashe kanta, ni kuma wuya da ƙugu suka riƙe, har ruku'u sai da dabara. Kafinta na samu ya yi mini teburi mai tsawon santimita 74 daga ƙasa, na ɗora laftof ɗin a kan tsofaffin littattafai har saman fuskarta ya zo daidai idona, na sayi kibod da maus na daban. Kujerar katako ce da ɗan matashi a baya, muddin tafin ƙafarka yana taka ƙasa kuma gwiwar hannunka tana daidai da teburin, ta wadatar. In ka tashi aiki ka rufe kwamfutar da kyalle, ƙura tana shiga fankarta.

Lokaci kuwa salla ta riga ta raba mana shi. Aikin da ke son natsuwa ina yin sa daga bayan karin kumallo zuwa sha ɗaya, kafin zafi ya taso. Bayan azahar in ci abinci in ɗan yi ƙailula, amsa saƙonni da kiran waya sai bayan la'asar. Ka gaya wa waɗanda kake yi wa aiki tun yanzu cewa ranar Juma'a da rana ba ka nan, kada sai sun sa taro ka fara neman uzuri. Ka kuma sayi abin sawa a kunne mai makirfo a kusa da baki, saboda ɗakin soro a bakin titi yake, mai tallar fura da almajiri mai bara duk za su shiga taronka.

Kwamfutar da kake da ita, in tana buɗe abin da aikin ke buƙata, bar ta tukuna. Ka faɗa mini ta ina tagar ɗakin take kallo da kuma ko akwai silin, sai in gaya maka ko fanka ɗaya za ta ishe ka.