Fure ya zube, shin cuta ce ta kama shukata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A watan Afrilu mun je lambun tsirrai na Aburi, nan Ghana, da yara, muka tarar wasu bishiyoyi sun yi jawur da fure. Da muka yi baƙi a Agusta na kai su, sai ganye zalla, har kunya ta kama ni. Bogenbiliyar ƙofar gidana ma, shukar adon nan mai launi, tun Yuni ta daina fure. Wani mai talla a tasha ya ce cuta ce ke yawo, ya sayar mini da "maganin fure" a gorar lemo. Ina ta fesawa, yanzu bakin ganyen ya fara ƙonewa. Mutuwa za ta yi? Daga wata Hajiya a Madina, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki ƙarasa karantawa, tashi ki ɗauke gorar nan daga inda hannun yaro zai kai.

Babu cutar da ke yawo. Tun 1890 aka buɗe lambun Aburi, kuma kowace bishiya a ciki da watanta. Yadda kika siffanta jan furen nan, ya yi kama da na bishiyar da ake kira Delonix regia, 'yar asalin Madagaska mai dogayen kwanson 'ya'ya. A ƙarshen rani take kakkaɓe ganye, ta ɓarke da fure da bazara zuwa saukar ruwan farko, daga nan ta koma yin ganye da 'ya'ya. Rimi kuwa sai cikin hunturu, wajen Disamba da Janairu, kuma da dare furensa ke buɗewa, jemagu su bi shi. Ke kin kai baƙi a Agusta, lokacin da gari ke lumshe, ga sanyi, rana ba ta da ƙarfi. Ai ganye za su gani.

Ita ma bogenbiliya haka take. Rana take so da ɗan ƙishirwa. Ruwan Yuni in ya ƙosar da ita, sai ta yi ta miƙa reshe ta manta da fure.

To, mu dawo kan gorar. Wannan magana ta "maganin fure" ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Duk wanda ya ce miki yana da ruwan da zai tilasta wa shuka fure cikin mako guda, kuɗinki yake so. Abin da suke ɗurawa yawanci bai wuce biyu ba. Ko dai takin yuriya da aka narka, wanda kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, shi kuma aikinsa ƙara ganye, in ya yi kauri ya ƙona shi, kamar yadda kike gani. Ko kuma maganin ƙwari na gona da aka juye daga ainihin mazubinsa. Wannan na biyun shi ke hana ni barci. In kin fesa a buɗaɗɗen fure, ƙudan zuma kika kashe. In ya taɓa fatarki, wasu irinsa ta nan suke shiga jiki. Sannan ga shi a gorar lemo, babu takarda, babu suna, an ajiye a ƙarƙashin benci kusa da buta. Yaro ɗan shekara uku me ya sani? Ya ga gorar da ya saba sha ne kawai.

A Ghana hukumar kare muhalli, wato EPA, ita ce ke yi wa magungunan feshi rajista, kuma na halal yana zuwa da takarda mai sunan sinadarin da yadda ake gauraya shi. Amma mutum zai tsaya a bakin trotro, wato motar haya, da jaka yana rantsuwa, mu kuma mu miƙa kuɗi don ya ce "wallahi". Har wasu su ƙara da cewa bakin maƙwabta ne ya kama shukar. Haba jama'a! Damina ce, ba maƙwabciya ba.

In Allah ya kiyaye wani ya kurɓa, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, aman na iya komawa huhu. A ɗauke shi da gorar a tafi asibiti, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Ragowar kuma kada ki zuba a kwata, ki kai wa jami'an gona na gundumarku su faɗa miki yadda za a yi da shi.

Shukarki za ta tashi in sha Allah. Ki daina feshin, ki kwarara mata ruwa sosai sau ɗaya ya wanke ƙasar, sannan ki ƙyale ta har saman ƙasar ya bushe kafin ki sake ba ta. In a tukunya take, matsar da ita inda za ta sha rana aƙalla awa 6. In hunturu ya kama za ki ga launi. Baƙinki kuma ki ce su dawo a Afrilu.