Ku Tambaya Mu Amsa: Zan sayar da gidana na Kano in koma ƙauye a Ghana

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne ɗan shekara 63, na yi ritaya daga aikin koyarwa shekara uku da suka wuce. Uwargidana ta rasu ta bar min yara biyar duk sun girma, amaryata kuma 'yar Ghana ce, asalin iyayenta mutanen Salaga ne, muna da yara uku da ita. Gaskiya na gaji da hayaniyar birni, inaso in ƙarasa sauran kwanana a wuri shiru ina ɗan noma da kiwo. Yayanta ya ce ya samo min fili a wani ƙauye kusa da Salaga da araha, in turo kuɗi a fara gini kafin damina. Tunanina in sayar da gidana na nan in haɗa da giratuti. Dan Allah a bani shawara.

Daga wani dattijo, Kano

AMSA

Wa'alaikumussalam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya jiƙan uwargida. Wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai, domin burin naka mai kyau ne, kuma ba kai ka fara bin wannan hanya ba. Kakanninmu sun daɗe suna fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja a arewacin Ghana, Salaga kuwa ita ce babbar kasuwar, har yau idan ka sauka a garin Hausa zata ishe ka cefane da gaisuwa. Alhaji Umaru ma, malamin nan da aka haifa a Kano, a Salaga ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin ya koma Kete Karaci inda ya rasu a 1934. To kaga ba baƙuwar ƙasa bace gaba ɗaya.

Amma Baba, don girman Allah kada ka sayar da gidan Kano, kuma kada ka tura ko kwabo da sunan gini a wannan shekarar. Ka tashi da kanka ka je, ka kama haya ko ɗaki biyu ne a cikin Salaga, ka zauna shekara guda cur, ka ga rani ka ga damina. Ƙauyen da ka gani a hoto lokacin kaka, ciyawa kore shar doya a tare, ba shi bane ƙauyen watan Maris lokacin da zafi ke dukan mutum rijiyoyi sun ja baya mata na tafiya mai nisa da jarkoki, kuma ba shi bane na watan Satumba da hanya ke zama taɓo mota ta kasa shiga. Kuɗin hayar shekara ɗaya bai kai kuɗin fandisho ba, in wurin bai karɓe ka ba sai ka tattara ka dawo gidanka yana nan yana jiranka.

Yanzu maganar fili, a nan zan daɗe domin nan ne mutanenmu ke ƙonewa. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili mallaka ta har abada, abin da doka ta yarda maka shine haya ta dogon lokaci da bata wuce shekara 50 a karo ɗaya ba, kuma dokar filaye ta 2020 ta sake jaddada hakan. Duk wanda yace maka "ai ka saya kenan naka ne har jikoki" ko dai bai sani ba ko yana so ya cuce ka. Sannan mafi yawan ƙasar Ghana, kusan kashi 80 cikin 100, tana hannun sarakuna da dangi ne bisa al'ada, ba a hannun gwamna ba kamar yadda muka saba a Najeriya tun dokar 1978. Ma'ana sarki ne ke bada fili a madadin jama'arsa, a arewacin ƙasar kuɗin da ake kai masa ma goro suke kiransa. Matsalar itace mai unguwa na iya nuna maka wuri ka biya, daga baya a ce ai bashi da hurumi sai sarkin da ke sama da shi, ko wasu dangi su fito su ce gonar kakansu ce. Ƙasa abu ce mai zafi a wannan yanki, rikicin ƙabilanci na 1994 da ya ci rayuka da yawa a arewacin Ghana, ƙasa da sarauta na cikin tushensa. Yanzu ana zaune lafiya alhamdulillahi, amma baƙo ya san inda zai sa ƙafa.

Saboda haka ka je gaban sarki da ƙafarka tare da dattawan dangin matarka, a baka takarda da sa hannunsa da shaidu, ka ɗauko safiyo mai lasisi ya auna ya fitar da taswirar filin, a kai hukumar filaye wadda suke kira Lands Commission a bincika ko wani ya riga ka, sannan a yi rajista. Ka nemi lauya naka na kanka wanda ba surukinka ne ya kawo shi ba. Ba zargin surukin naka nake ba wallahi, sai dai kuɗi idan ya shiga tsakanin surukai ba'a iya tambayar rasit, kunya ke rufe baki.

Na ga wannan a gidanmu. Wani kawuna ya shekara biyu yana tura kuɗi ana turo masa hoto a WhatsApp, ga bulo ya tashi, ga an kai linta, ga kafinta a sama. Ranar da ya je sai ya tarar ginin ya tsaya daidai taga, buhunan siminti sun sha ruwa sun daskare kamar dutse, akuyoyi na kwance a inda aka ce falo ne, hoton ashe na gidan wani ne a can gaba. Yana tsaye riƙe da jakarsa ya kasa cewa komai sai innalillahi. Har ya rasu ba'a rufa gidan nan ba.

Zasu ce maka a sa sunan amarya tunda ita 'yar ƙasa ce, ita ƙa'idar shekara 50 bata hau kanta ba, kuma yaranku uku ma suna da haƙƙin zama 'yan Ghana ta wajen uwarsu. Gaskiya ne, amma ka tuna da marayun uwargida. Idan ka sayar da gidan Kano ka zuba kuɗin a gida mai sunan amarya, a takarda ya zama nata, yara biyar ɗin can basu da gado a ciki, kuma in ita ta riga ka rubu'i ne rabonka a shari'a. In kyauta kake nufi ka faɗa a gaban shaidu a rubuta, ka kuma zauna da malami ya duba maka adalci tsakanin 'ya'ya, in kuma ajiya ce itama a rubuta.

Takardun zama kada kayi wasa da su. Fasfo na ECOWAS kwana 90 yake baka, bayan nan sai izinin zama daga hukumar shige da fice da katin shaida na baƙi. Dattawan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a Ghana, basu manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin firaministan Ghana Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice, Hausawa da Yarbawa da yawa suka bar gidaje da shaguna.

Fanshonka kuma da naira za'a biya ka, kai kuma da sidi, kuɗin Ghana, zaka ci abinci, duk ranar da naira ta faɗi tuwonka ne ya ragu. Wannan ma wani dalili ne na barin gidan Kano ka sa 'yan haya.

In shekara ta zagayo zuciyarka na nan a kan bakanta, to bismillah, amma kayi ginin tsufa. Ɗaki biyu da falo da zaure sun isa, ban da bene, ban da dogon matakala a bakin ƙofa. Banɗaki a cikin ɗaki da masai na zama da ƙarfen dafawa a bango, gwiwar da ke tsuguno yau ba lallai ta yarda nan da shekara goma ba. Ruwa kafin bulo, a tabbatar rijiya ko burtsatse zata yi a wurin tukun. A ɗaga fandisho saboda ruwan damina, katakon rufi a jiƙa shi da maganin gara, a yi silin da manyan tagogi masu raga don zafi da sauro, a sa 'yar sola ko don fanka da firjin magani. Kuma kana tsaye a wurin ake kwaɓa siminti, kana ƙirga buhu.

Ka auna nisan filin da asibiti da agogo, ba da baki ba. Akwai asibitin gwamnati a Salaga amma babban ciwo sai Tamale, babban birnin arewacin Ghana, tafiyar sama da kilomita 100, kuma ka tambayi kanka wa zai tuƙa ka ƙarfe biyun dare in hawan jini ya tashi ko maciji ya sari yaro a gona. Ni da zaka ji tawa Baba, da ka yi gidan a bakin gari inda kake jin kiran sallah ka taka zuwa masallaci, gonar ta kasance a ƙauyen kana zuwa da babur. A ƙauyukan nan, yaren Gwanjanci da sauran harsunan yankin sun fi Hausa yawa, mutumin da ya shekara talatin yana magana a gaban aji kuma yana da majalisarsa ta bayan la'asar, shirun da yake nema zai iya yi masa yawa cikin wata uku. Ka koyi gaisuwarsu, ka je suna ka je jana'iza, ka bar su su san fuskarka kafin su san aljihunka.

Ka tara 'ya'yanka takwas ka faɗa musu niyyarka kafin ka tafi, har da inda kake so a binne ka in ta Allah ta kasance a can. In ka je ka dawo ka sake rubuto mana yadda ka samu wurin, Allah ya kai ka lafiya.